Allurar da Babu Magani a Cikinta: Ta Dace da Mutanen Gangara?

Buhun gero ko na masara da ake lodi a kasuwar Jibiya yakan kai kilo 100. Wanda zai saɓa shi a kafaɗa, sau tari shi kansa bai wuce kilo 60 da ɗoriya ba. Zai ɗauka, ya taka katako ya hau bayan mota, ya dire, ya sauko ya sake saɓar wani, tun hantsi har la'asar sakaliya. Ɗan acaɓan da ya taso daga ƙauyen Gangara ko Bugaje ko Zandam da jarkoki ɗaure gaba da baya, kowane ramin da ke kan hanya a ƙugunsa yake sauka. Ga manomin rani da ke wuni duƙe a fangali kusa da madatsar ruwan Jibiya, ga matar da ta yi surfe da asuba, ta ja guga da hantsi, goyo na bayanta. A nan ba a lissafa ciwon jiki cikin cututtuka. Tambayi mutum me ya sa yake tafiya a karkace, zai ce maka gajiya ce, ko jijiya ce ta hau, ko sanyi ne ya kama shi.

Siyasar kan iyaka ma ta ƙara wa kafaɗun nan nauyi. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar kuma kwastam suka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta Jibiya, aka sake garƙame ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa watan Maris na 2024. Duk lokacin da aka tsayar da manyan motoci a bakin iyaka a Magama, kaya ba sa daina wucewa. Saukowa suke yi daga bayan tirela zuwa bayan babur da jaki da ɗan Adam, su bi ta daji.

Mutanen nan nake tunawa idan na ji ana gardama a kan wata hanyar rage ciwon tsoka da ta yaɗu a Turai da Amurka, ta shigo hannun wasu likitocin fisiyo a manyan biranenmu, yanzu kuma bidiyonta ke yawo a wayoyin matasa. Busasshiyar allura ake ce mata, domin ko ɗigon ruwan magani babu a cikinta. Siririn ƙarfe ne marar rami, kaurinsa bai kai sulusin milimita ba, tsawonsa daga santimita 3 zuwa 7 ko fiye, gwargwadon zurfin tsokar da ake nema. Mai yin ta zai lalubi naman da yatsa har ya taɓa wani ɗan ƙululu mai tauri, kamar ƙulli a jikin igiyar guga, wanda in an danna sai mai ciwo ya zabura ya ce "nan ne". Sai ya soka allurar daidai wurin, yana ɗan ɗagowa yana mayarwa. Sau da yawa tsokar kan harba da kanta sau ɗaya ko biyu, sannan ta saki. Mintuna kaɗan ake ɗauka. Wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu.

Allurar iri ɗaya ce da wadda Sinawa ke amfani da ita a maganinsu na akufanca, amma tunanin da ke bayanta daban ne. Tushensa aikin wata likita ce Ba'amurkiya, Janet Travell, wadda tun 1942 take rubutu a kan waɗannan ƙululan, kuma ita ce ta zama likitar Shugaba John Kennedy a 1961 bayan ta daɗe tana kula da ciwon bayansa. Ita ruwan kashe zafi take ɗurawa a wurin. A 1979 wani likita ɗan Cekoslobakiya, Karel Lewit, ya buga sakamakon aikinsa a kan marasa lafiya 241, inda ya nuna cewa sukar kanta, ba tare da ruwan ba, tana kawo sauƙi nan take a mafi yawan wuraren da ya soka. Travell da abokin aikinta David Simons suka fitar da babban littafinsu a 1983. Bayaninsu shi ne wani ɗan yanki na tsoka yakan ɗame ya ƙi saki, ya matse ƙananan hanyoyin jini, iska mai kyau ta ƙaranta a wurin, sinadaran da ke tsokano jijiyar jin zafi su taru. Allura, a cewarsu, tana karya wannan zagayen.

Tambayar da ta dame ni ita ce ko ya kamata a yi maraba da ita a wuri irin Gangara.

Masu cewa a yi maraba, hujjarsu mafi ƙarfi ba ta cikin allurar. Tana cikin abin da mutum ke sha yau saboda babu ita. Ɗan dako ba ya zaɓe tsakanin allura da hutu. In magariba ta yi zai tsaya kemis, ko gaban mai tallar magani a faranti, ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Abin da ake ƙunso masa a leda sananne ne: diklofenak, ibufurofen, felden, wani lokaci da ƙwayar sitiroyid a ciki, ya watsa su gaba ɗaya, sau da yawa cikinsa babu komai sai shayi. Duk likitan da ka tambaya zai gaya maka inda doguwar tafiyar waɗannan ƙwayoyi take ɓullewa: gyambon ciki, aman jini, hawan jini, lalacewar ƙoda. Wankin ƙoda kuwa ba a Jibiya ake yinsa ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin gonar talaka.

Sai tiramol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, daga ciki miliyan 4.6 suna shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Ma'aunin tiramol da aka amince a sayar shi ne miligiram 50 da 100, amma wanda jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi ke kamawa a hanya mai 200 ne da 225 da 250. Yaran da ke shan sa a tasha, da yawansu ba don nishaɗi suka fara ba. Don su iya kai buhu na ƙarshe suka fara, don su iya tashi gobe. Saboda haka masu goyon baya ke cewa duk abin da zai rage wa mutum zafi ba tare da ya bi ta cikinsa ko ƙodarsa ko ƙwaƙwalwarsa ba, haƙƙinsa ne a kawo masa shi kusa. Wannan magana tana da nauyi a zuciyata, kuma ban ga yadda mai adalci zai tsallake ta ba.

Suna da takardu ma. A 2017 Eric Gattie da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 13 da likitocin fisiyo suka yi, suka ga busasshiyar allura ta fi rashin magani da allurar bogi rage zafi, daga lokacin da aka yi ta har zuwa mako 12. A 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce ana iya gwada ta zango ɗaya ga mai daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutum miliyan 619 masu ciwon ƙugu a 2020, ta sanya hanyoyin suka da allura cikin abubuwan da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon baya, a cikin ƙa'idar da ta yi hani da dangin tiramol. Ta fuskar haɗari kuwa, wani bincike a ƙasar Ailan a 2014 ya bi diddigin zaman suka 7,629 a hannun likitocin fisiyo 39. Kusan ɗaya cikin biyar an samu ɗan jini ko taruwarsa ƙarƙashin fata ko tsamin wuri, amma ba a samu babbar illa ko ɗaya ba.

Ga kuma sauƙin kayan aiki. Ba ta bukatar wutar lantarki, ba ta bukatar firiji. Kwalin allurai, auduga, sifirit, safar hannu da kwandon zubar da allura, shi ke nan. A asibitin da na'urar gashi ke zaune lulluɓe saboda babu wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hujjarsu ta ƙarshe ta al'ada ce. Bahaushe bai taɓa tsoron a taɓa fatarsa don neman lafiya ba. Wanzami yana ƙaho, yana tsaga, ana sakiya a kumburi, maɗori yana ɗori, tsofaffi suna tausa da man shanu ko man kaɗanya. Kuma an daɗe da sanin cewa mutanenmu sun fi yarda da allura a kan ƙwaya. In aka sallami mutum daga asibiti ba a yi masa ita ba, gani yake ba a duba shi ba. To, in ji su, me zai hana a yi amfani da wannan yardar? Mutumin da wuyansa ya saki a gabanka cikin minti goma, shi ne zai tsaya ya saurare ka idan ka ce ga motsa jikin da zai riƙa yi, ga yadda zai durƙusa ya ɗauki kaya, ga ƙwayar da zai daina.

Ɗaya ɓangaren kuwa daga tushe suke farawa. Shin ƙululun nan da ake soka, akwai shi kamar yadda ake faɗa? Wani nazari na 2009 ya duba binciken da aka yi kan ko ƙwararru biyu za su lalubi mutum ɗaya su dace a wuri ɗaya, ya tarar ba a iya dogara da laluben ba. A 2015 John Quintner da Geoffrey Bove da Milton Cohen suka rubuta a mujallar Rheumatology cewa bayanin Travell da Simons bai tsaya a kan hujjar da ta ishe shi ba. Ba su musa cewa mutane na jin zafi ba, ba su musa cewa akwai wurin da in an danna ake zabura ba. Dalilin da aka bayar suka ƙi. Har masu binciken 2017 ɗin da ake kafa hujja da su sun faɗa da bakinsu cewa ingancin gwaje-gwajen daga mai rauni ƙwarai ne zuwa matsakaici, cewa wajen komawa aiki allurar ba ta fi sauran hanyoyin fisiyo ba, kuma babu shaidar amfaninta a dogon lokaci. Ita ma NICE ɗin, a ƙa'idarta ta ciwon ƙugu ta 2016, cewa ta yi kada a yi akufanca. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa mai sharaɗi ce, ba umarni ba.

Akwai wani gwaji na Jamus da ya kamata kowa ya sani, ko da yake a kan akufanca aka yi shi. An buga shi a 2007, da masu ciwon ƙugu 1,162. An kasa su uku: wasu aka soka musu allura yadda Sinawa suka tsara, wasu aka ɗan tsikare su sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, wasu aka yi musu maganin da aka saba. Bayan wata shida, kashi 47.6 na rukunin farko sun samu sauƙi, kashi 44.2 na rukunin bogi, kashi 27.4 na rukuni na uku. Masu adawa suna kallon lambobi biyu na farko su ce ga shi nan, inda ka soka ba shi da muhimmanci, sa rai ne da kulawa ke aiki. Masu goyon baya suna kallon ta uku su ce ko ma mene ne ke aiki, ya kusa ninka abin da aka saba. Dukansu sun karanta daidai, kuma Jamusawa da kansu sun ci gaba da biyan kuɗin akufanca a inshorar lafiya ga masu ciwon ƙugu da gwiwa.

Da a nan gardamar ta tsaya, da na ce a bar kowa da zaɓinsa. Amma hujjojin da suka fi tayar mini da hankali ba na ɗakin bincike ba ne, na taswira ne.

Tsokar da ta fi damun mai ɗaukar kaya ita ce ta saman kafaɗa da ta tsakanin allon baya. A ƙarƙashinsu huhu yake. A jikin siririn mutum, wanda aiki ya tsotse wa kitse, tazarar da ke tsakanin fata da rigar huhu a wasu wuraren ba ta wuce santimita biyu ba. In allura ta zarce, iska ta shiga tsakanin huhu da ƙirji, huhun ya sace. Ba kullum ake ganewa nan take ba. Wani sai bayan sa'o'i zai ji suka a ƙirji, busasshen tari, numfashi ya fara gagara. Ellen White, wadda ta fi kowace mace ci wa Ingila ƙwallo, ta bayyana a 2022 cewa allurar akufanca ta huda mata huhu a shekarar da ta gabata. Wannan 'yar wasa ce mai likitoci kewaye da ita, kuma ta daɗe kafin ta dawo daidai. Yanzu a ɗauki mutumin Gangara da aka yi wa haka da yamma, ya hau babur ya koma gida, ƙirji ya kama shi da tsakar dare. Yana bukatar hoton ƙirji, wataƙila da robar da za a zura a fitar da iskar. Daga Jibiya zuwa birnin Katsina akwai fiye da kilomita 40, ban da tafiyar da zai yi kafin ya hau kwalta, a yankin da shekaru aka yi mutane na tsoron fita da dare saboda 'yan bindiga. Alƙaluman Ailan gaskiya ne, amma a Ailan aka tattara su, a hannun mutanen da suka karanci jikin ɗan Adam shekaru, kusa da motar asibiti.

Sai batun hannun da allurar za ta faɗa. Sauƙin kayan aikin da ake yabo, shi ne kuma abin tsoro. Na'urar hoton ƙirji ba za ta ɓulla a rumfar kasuwa ba, amma kwalin allura zai ɓulla. Lasisin masu kemis na sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne, duk da haka kowa ya san ana yin allura da ƙarin ruwa a bayan kanta. Iyaye da dama sun ga yaron da ƙafarsa ta shanye saboda allurar ɗuwawu ta taɓa babbar jijiya. In har wannan na faruwa da allurar da aka sani shekara da shekaru, me zai faru da wadda ake koya daga bidiyon minti biyu, wadda kuma a gadon baya da wuya ake yin ta? Kuma wanda ya sayi allura da kuɗinsa, ya ga ba ta lanƙwashe ba, zuciyarsa za ta raya masa ya goge ta da sifirit ya ajiye wa na gaba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Masar ta ga ƙarshen irin wannan sakaci: allurar maganin tsargiya da aka yi wa miliyoyin mutane daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, da sirinjin da ba a tafasa da kyau ba, ta bar ƙasar shekaru da yawa da ciwon hanta nau'in C fiye da kowace ƙasa a duniya. Da kyakkyawar niyya aka yi wancan aikin.

Iyaka tana ƙara dagula lamarin. Jibiya da garuruwan Ɗan Isa da Maraɗi da ke tsallaken iyaka gida ɗaya ne; sarautar Maraɗi ma zuriyar sarakunan Katsina ce da suka yi arewa bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai riƙe da ita. Marasa lafiya na tsallakawa ta kowane ɓangare, masu magani ma haka. Hukumar MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa don rajistar likitocin fisiyo a Nijeriya, ikonta a Magama yake ƙarewa. Wanda ya yi ɓarna ranar kasuwa yana iya kwana a wata ƙasa.

Abu na uku shi ne ba kowane ciwon baya ne na tsoka ba. A ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, ya fara da ciwo kamar na gajiya, ya ƙare da ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu. Akwai ciwon ƙoda, akwai sikila, akwai zazzaɓin da makiyaya ke ɗauka daga ɗanyen nono mai kama ƙugu, akwai ƙurjin da ke tara mugunya can cikin tsoka, wanda ya yawaita a ƙasashe masu zafi. Soka allura a irin wannan ƙurji yaɗa cuta ne. Soka ta a bayan mai tarin fuka, ko da ya ji ɗan sauƙi, ɓata masa watannin da ya kamata ya fara shan magani ne, maganin da kyauta ake bayarwa a asibitin gwamnati. Haka mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, da mai ciwon sukari da rauninsa ba ya warkewa, kowanne sai an yi masa tambayoyi kafin a taɓa shi. Wanda bai san tambayoyin ba, ƙwarewar yatsunsa ba za ta cece shi ba.

Sannan allura ba ta rage nauyin buhu. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Namu suna saɓar kusan ninki biyu. Masu adawa na cewa in ka kashe wa irin wannan mutum zafi da yamma don ya koma ƙarƙashin buhu da safe, aikin tiramol ka yi, sai dai da ƙarfe. A nan ina ganin sun ɗan wuce gona da iri. Allura ba ta sa maye, ba ta kama mutum ya kasa rabuwa da ita, ba ta kai shi sata. Kuma mai iyali zai koma ƙarƙashin buhun ko an yi masa ko ba a yi ba. Faɗa wa mai jin zafi cewa ya jira sai an gyara tsarin ƙwadago, maganar wanda bayansa ba ya ciwo ce.

Ga inda na tsaya. Na yarda busasshiyar allura tana rage zafi ga wasu mutane na ɗan lokaci, kuma ban damu ƙwarai ba ko ƙululun ne ta warware ko jijiyoyin jin zafi ta lallasa, muddin an gaya wa marar lafiya gaskiya cewa sauƙin na makonni ne, ba warkewa ba. Amma masu goyon baya sun yi kuskuren lissafi a wuri ɗaya. Sun ɗauka abin da Gangara ta rasa allura ce. Abin da ta rasa shi ne mutumin da ya cancanci riƙe ta. Ƙaramar hukumar Jibiya tana da mutum kusan 170,000 tun a ƙidayar 2006. Likitocin fisiyo a Nijeriya 'yan dubbai ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da na Janar Amadi Rimi a Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, ban da waɗanda suka tafi Ingila da Saudiyya. In aka samu ƙwararre ɗaya zaune a Babban Asibitin Jibiya, yana zagaya ƙananan asibitocin Gangara da Faru da Riko a ranakun da aka sani, yawancin abin da zai yi ba ya bukatar huda fata. Dannawa da yatsa, tausa, miƙe tsoka, gashi da ruwan ɗumi, atisayen ƙarfafa ƙugu, koya wa mutum ya lanƙwasa gwiwa maimakon baya, zama da shugabannin 'yan dako a kan amfani da baro da kura ko ɗaukar buhu mutum biyu. Jami'ar Bayero tana yaye irin waɗannan ɗalibai duk shekara, cikinsu akwai 'yan jihar Katsina. Ɗaukar su aiki da tura su ƙananan hukumomi yana hannun gwamnatin jiha.

A hannun irin wannan mutum, allura tana da gurbi: ga wuyan da ya ƙi saki bayan an gwada hannu, ga wanda ake son raba shi da ƙwaya ana neman abin da zai riƙe shi makonnin farko. A wajen hannunsa kuwa, ban ga dalilin sassauci ba. Ko a Amurka, inda abin ya samo asali, jihohi irin su Kalifoniya da New York ba su yarda likitan fisiyo ma ya yi ta ba, balle mai kemis. Wanzamai, waɗanda da yawansu sun riga sun koma sabuwar reza ga kowane mutum, sun san ƙaho a kan fata yake tsayawa. Allurar nan kuwa ciki take shiga, inda ido ba ya gani. Sarkin aska da masu unguwanni da limamai su ne za su fi saurin isar da wannan gargaɗi, kuma gara a fara tun kafin kwalin farko ya iso kasuwa.

Wanda kuma ya je Katsina ko Kano ko Maraɗi aka ce za a yi masa, yana da haƙƙin ya tambayi mai yin ko yana da rajista, ya ga an yage takardar allurar a gabansa, ya ga an jefa ta a kwandon da ba a buɗewa. Ya faɗi in yana tari ya daɗe, ko yana rama, ko yana zazzaɓin dare, ko ƙafarsa na yin sanyi, ko fitsari na ƙwace masa, domin waɗannan hoto da gwajin jini suke bukata, ba suka ba. In a kafaɗa ko gadon baya aka soka masa, kada ya kama hanyar ƙauye da yamma. Ya kwana inda asibiti ke kusa. In ya ji suka a ƙirji ko numfashi ya fara yi masa wuya, ya koma asibiti a daren, ya gaya wa likitan da ya tarar cewa an yi masa allura a baya, ya nuna wurin da yatsa.